Alwala a Gindin Eriya

Bana azumi ya sake faɗowa tsakiyar bazara, kuma duk wanda ya san Garwa ya san abin da nake nufi. Tun ƙarfe tara na safe ƙofar shagona ba ta taɓuwa da hannu. Shekaranjiya na sauke tsohuwar eriyar da ke tsaye a tsakar gidanmu don in goge mahaɗanta. Ina zaune a ƙasa da tsumma da toka, maƙogwarona a bushe, sai warin ƙarfen da rana ta gasa ya bugi hancina. Nan take na koma shekara talatin da 'yan kai baya, wancan azumin da ya zo a irin wannan lokaci, shekarar da muka fara tsayar da ita.

Lokacin ina saurayin magidanci, ina gyaran rediyo a wani ɗan shago a bakin kasuwa. Mu uku ne a gida: ni, da matata Hadiza, da Goggo Amina, ƙanwar mahaifina wadda ta riƙe ni tun rasuwar iyayena. Hadiza na da cikin fari, saboda haka wata biyu kafin azumi na raka ta tasha ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, wani ƙauye kusa da Yagwa a bakin kogin Logon. Ta ce min da zarar ta sauka za a aiko. Na ce to, na dawo shago ina fito kamar ba abin da ya dame ni.

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. Damina ta ɗauke da wuri, masakwa, dawar rani da ake sa rai da ita, ita ma ba ta yi ido ba, dawa ta yi wuya a kasuwa. Kogin Binuwai ya janye ya bar yashi fari fat, mata na tona ramuka a tsakiyarsa suna jiran ruwa ya tsattsafo su kwarfa da ƙoƙo. Famfon unguwarmu sai ya yi kwana uku yana huci ba ɗigo. Goggo ta auna komai na gidan da ludayi. Kunun buɗa-baki ya tsinke har kana hango gindin kwano, ƙosai kuwa sai ranar Juma'a, guda uku-uku. Ruwan da aka wanke hatsi da shi ake wanke kwanuka, na kwanukan kuma akuya ce ke shanye shi. Da rana mukan jiƙa zani mu lulluɓa, kafin ka juya ya bushe ƙamas.

Ana saura kwana kaɗan a kama azumi labari ya fara shigowa kasuwa cewa sanƙarau ya ɓarke a yankin Yagwa. Direbobi ne ke kawo shi, kowa da irin nasa. Wani ya ce ƙauyuka biyu ne kawai, wani ya ce duk bakin kogin ne, wani ya ce masu ciki da jarirai ya fi ɗauka, ya faɗa yana kallon idona don bai san ni ba. Na aika wasiƙa uku, babu wadda ta dawo da amsa. Ranar huɗu ga azumi na rufe shago na hau mota, jandarmomi suka tare mu a rabin hanya suka ce ba shiga ba fita. Na dawo gida da la'asar. Goggo ta dube ni, ta shiga ɗaki. A lissafinta Hadiza ta riga ta shiga watanta. Tsoro nake ji, irin wanda ke hana mutum haɗiye abinci ko bayan an sha ruwa.

Akwai wani dattijo da yakan zauna a bencin shagona, Baba Pol. Kirista ne daga duwatsun arewa, ya yi shekaru yana kula da rediyon sadarwa na wani kamfanin auduga har ya yi ritaya. Yana da lasisin irin rediyon nan da mutum ke ajiyewa a gida don sha'awa, ya yi magana da 'yan'uwansa masu irinta a garuruwa da ƙasashe. Tun da ya bar gidan kamfani ya koma ɗakin haya, akwatin rediyon na ƙarƙashin gadonsa, don ba shi da filin kafa eriya. Ranar da ya ga na liƙa waya a inda ba wajenta ba har sau biyu, sai ya karɓe ƙarfen liƙin daga hannuna.

"Sale, za ka ƙona rediyon mutane. Mene ne?"

Na faɗa masa. Ya sosa haɓa.

"Bon. Akwai wani likita a dispanser, ƙaramin asibitin mishan, kusa da Yagwa, abokina ne a iska. Yana hawa Talata da Juma'a, ƙarfe bakwai na safe, minti kaɗan, don batirinsa ba ƙarfi. Duk mutanen bakin kogi wurinsa suke zuwa. Rediyo ina da ita. Antan, wato eriya, ita ce babu."

Eriyar da muka samu, wata doguwar sanda ce ta bututun alminiyam gaɓa biyar, wadda kamfanin ya yar a bayan sito tun da suka sauya na'urori. Mai gadin wurin ya ce mu ɗauka mu rage masa shara. Da amalanke muka kawo ta. Gidanmu ba doguwar bishiya ko ɗaya da za a rataya waya, amma akwai tsakar gida mai faɗi, mai tsayuwa a miƙe kuwa fili kawai take so. Sai dai ta ga duniya. Zanzaro ya yi ɗaki a cikin bututun, mahaɗan sun yi farar tsatsa sun manne, gaɓar sama ta lanƙwashe, tangaran ɗin da ke raba ta da ƙasa ya fashe gida uku.

Kwana huɗu muka yi a kanta. Da hantsi mukan fara, kafin ƙarfe ya yi zafin da ba ya riƙuwa. Muka zuba kananzir a mahaɗan muka bubbuga da katako har suka saki, muka goge kowanne da toka da lemun tsami sai da ya yi ƙyalli. Gaɓar da ta lanƙwashe muka cika da yashi muka miƙar a hankali don kada ta karye. Maimakon tangaran, Baba Pol ya samo kwalba mai kaurin gindi ya dasa a cikin siminti, eriyar ta zauna a wuyanta. Kamfanin sun yanke ta daidai zangon da suke magana a kai, namu zangon kuwa ya fi son tsawo, sai muka ƙara mata guntun bututu daga wani tsohon gadon asibiti. Baba Pol ba ya azumi, amma ko sau ɗaya bai sha ruwa a gabana ba. Sai ya ce zai je ya duba wani abu a zaure, ya dawo yana goge baki da bayan hannu, ni kuma in yi kamar ban gani ba.

Ranar Litinin da yamma maƙwabta suka kama mana igiyoyi muka tayar da ita. Sannan Baba Pol ya fito da wayoyin jan ƙarfe da muka warware daga ƙonannun injuna, guda takwas, ya ɗaura su a gindinta ya shimfiɗa kowacce a ƙasa ta nufi nata ɓangaren, har bakin katanga.

"Abin da kake gani a sama rabi ne," in ji shi. "Ɗaya rabin yana ƙasa. In babu waɗannan, sanda ce kawai."

Ya jona rediyon da batirin mota, ya danna, allurar mitarsa ta kwanta inda yake so. Muka ji wani mutum yana magana da Faransanci daga can wata ƙasa, tar kamar yana zaure. Na sha ruwa ranar da ɗan kwanciyar hankali.

Abin da ba mu yi ba shi ne gaya wa Goggo. Ita kuwa Goggo, tun da aka kawo ta gidan nan amarya, rana ba ta taɓa fitowa ta iske tsakar gidanta ba shara ba. Bayan sallar asuba na tsaya a masallaci sauraron karatu, na biya na ɗauko Baba Pol, muka shigo bakwai saura minti biyar. Tsakar gida fes, an share har da zanen tsintsiya. Wayoyinmu takwas an kwance su, an naɗe kowacce tsaf, an rataye a ƙusa a jikin bangon kicin.

"Goggo! Wa ya taɓa wayoyin nan?"

"Ni ce. Kun watsar da su a ƙasa kamar ba ku san darajarsu ba, akuya na ta taka su. Ga su nan na adana muku, ko ɗaya ba ta ɓata ba."

Muka hau warwarewa, waya na harɗewa da waya. Kafin mu ɗaura ta huɗu, muka ji muryar likitan can ƙasa-ƙasa yana sallama da wani, ya kashe. Sai Juma'a. Ban taɓa ɗaga wa Goggo murya ba sai ran nan. Na ce mata abin da ta yi ya sa sai na ƙara kwana uku ban san ko Hadiza na raye ba. Ta tsaya riƙe da tsintsiya tana kallona. Har yau in na tuna fuskarta ina jin kunyar kaina.

Baba Pol ne ya raba, shi da yake ce wa Goggo Dada. "Dada ba ta yi laifi ba. Mu ne wawaye, mun shimfiɗa waya a gidan da ake shara. Binne su za mu yi."

Binnewa a faɗe da sauƙi. Ƙasar tsakar gidanmu a watan nan, in ka sara mata diga sai ta yi tsalle ta dawo maka. Laraba da Alhamis muka yi muna jan layi takwas, zurfin rabin taƙi. Maƙwabcinmu mai facin taya ya zo da ƙaninsa, ladanin masallacinmu ya zo da fartanya, kowa da azumi a bakinsa. Mukan yi sara goma mu koma inuwar bango mu zauna muna haki. Leɓɓana suka tsage. Ranar Alhamis wajen azahar na ga duhu-duhu, na durƙusa, sai ji na yi an ɗora min jiƙaƙƙen zani a ka. Goggo ce. Daga nan muka shirya.

Juma'a ƙarfe bakwai muna zaune gaban rediyo. Likitan ya hau, muna jin sa sarai. Baba Pol ya danna ya faɗi haruffansa na kira, ya maimaita, ya sake maimaitawa. Sai muka ji likitan na cewa akwai wani da ke kiransa amma ba ya fahimta, murya na nutsewa cikin shuuu. Ya jira kaɗan, ya ba da haƙuri, ya kashe. Baba Pol ya ajiye abin maganar, ya fita ya tsuguna a gindin eriya, ya ɗebi ƙasa ya murza, ta zube daga hannunsa kamar gari.

"Ƙasar ta mutu da ƙishi. Wayoyinmu sun yi kaɗan, kuma busasshiyar ƙasa tana shanye ƙarfin magana. Tana son ruwa, Sale. Ba bokiti ɗaya ba. Kullum, har ta jiƙu can ciki."

Na yi dariyar da ba ta daɗi ba. A garin da ake kwarfar ruwa da ƙoƙo, wa zai fito ya ce a ba shi ya shayar da ƙarfe? Ko ni da abin ya dama ba zan iya tsallake tulun Goggo in kwarara a ƙasa ba.

Goggo na bakin ƙofar kicin tana tankaɗe, ashe tana ji.

"Malam Pol, ruwan nan dole sai mai tsabta?"

"A'a, Dada. Ko wane iri."

"To, ruwan alwala fa? Ai shi ko ana yunwa ko ana fari sai an yi, kuma ƙasa yake zuba."

Ta yafa mayafi ta fita, ba ta jira amsa ba. Ban san me ta gaya wa liman ba, amma bayan sallar Juma'a ya yi sanarwa cewa duk mai alwala a unguwar nan, in ba zai takura ba, ya ɗauki butarsa ya je gidan Sale mai rediyo ya yi a gindin ƙarfen nan, iyalinsa na yankin da cuta ta shiga. Da la'asar mutum bakwai suka zo. Da magariba sun fi ashirin. Goggo ta jera duwatsu kewaye da eriyar don a sami wurin tsugunawa, ta cire labulen zaure ta ce gidan ba matar aure a ciki yanzu, kowa ya shigo. Matan maƙwabta kuma suka riƙa aiko da ruwan wanke-wanke da na wanki a kwano, wanda dā akuyoyinsu ke sha. Wasu tsofaffi sun ɗauka wani sabon magani ne, na ji ɗaya na tambaya ko ana karanta wani abu kafin a zuba. Baba Pol ya tona rami a gindin ya cika da gawayi da toka don ya riƙe laima, ya zauna gefe yana kallon Musulmi na layi a gaban antan ɗinsa, yana girgiza kai yana godiya da Fillanci, "Useko, useko."

Kwana huɗu ana haka, sau biyar a rana. Ranar Litinin na tura yatsa a ƙasar ya shige. Wani ƙamshi na tashi daga wurin, na ƙasar da ta sha ruwa, wanda muka yi wata bakwai ba mu ji ba. Mutane kan gama alwala su ɗan ƙara jinkiri a tsugune don shi kawai.

Talata likitan ya amsa tun kira na farko. Baba Pol ya ba shi sunan ƙauyen, da sunan Hadiza, da na mahaifinta Malam Buba. Likitan ya ce ya san ƙauyen, cutar ta shiga can, ba zai ce komai ba sai ya bincika, mu dawo Juma'a. Waɗannan kwana ukun ba na son tuna su. Mutane dai ba su fasa zuwa da butocinsu ba.

Ranar Juma'ar tsakar gidan ta cika tun kafin bakwai. Likitan ya hau ya ce batirinsa ya yi ƙasa sosai, amma ga wani yana son magana da mu. Aka yi ƙarar kujera, sai ga muryar surukina.

"Salamu alaikum. Sale ne? Ina kwana? Ina gajiya? Yaya azumi? Yaya zafi? Yaya mutanen Garwa? Yaya kasuwa? Yaya Hajiya Amina, tana lafiya? Yaya ƙafar tata?"

Irin wannan rediyo, in mutum ya danna yana magana ba ya jin ka sai ya saki. Malam Buba bai saki ba. Yana gaisuwa yana dakatawa don a amsa, in bai ji amsa ba ya ɗauko wata. Muryar kuwa sai raguwa take, muna ji batirin na mutuwa. Da ƙyar likitan ya zare masa yatsa. Baba Pol ya miƙo min abin maganar, ya ce yi sauri. Na karɓa, na danna, na buɗe baki. Surukina ne fa. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa kiran sunanta a gabansa ba, balle in tambaye shi haihuwarta a gaban rabin unguwa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Lafiya lau, Baba. Ina kwana? Yaya gida? Yaya ruwa a wajenku?"

Goggo ta fizge abin daga hannuna, ta danna da babban yatsa kamar ta shekara tana yi.

"Malam Buba, Amina ce. Ajiye gaisuwar nan sai mun haɗu. Yarinyata fa? Ta sauka ko ba ta sauka ba? Tana raye?"

Ta saki. Shuuu kawai. Ba wanda ya motsa a tsakar gidan. Sai muryar ta dawo, siririya, tana yankewa.

"Ta sauka lafiya... kwana tara yau... mace. Ita da jaririyar ƙalau, ciwon bai shigo gidanmu ba. Mun jira ba hanya, sai muka yi suna... sunanki aka sa, Hajiya."

Daga nan rediyon likitan ta mutu. Ladan ya yi kabbara, matan da ke leƙe ta katanga suka rangaɗa guɗa. Ni dai na zauna daɓas a cikin taɓon gindin eriyar da fararen kayana na Juma'a, ina kuka ina dariya. Baba Pol ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. Goggo kuwa ta mayar masa da abin maganar da hannu biyu, ta ce, "Maza biyu, a ba ku minti ɗaya ku ƙare shi a ina kwana."

Sai bayan Sallah da makonni aka buɗe hanya, na je na ɗauko su da ruwan farko.

Baba Pol ya koya min aikin, na yi jarrabawa na sami nawa lasisin, kuma da zai koma duwatsu ya bar min rediyon. Shi da Goggo duk sun riga mu gidan gaskiya. 'Yata Amina yanzu tana Maruwa da 'ya'yanta uku, kuma jiya ma ta kira ni a waya ina ganin fuskarta, tana min faɗa wai in bar hawa tsani da azumi a bakina. Ban gaya mata na riga na gama ba. Na goge mahaɗan, na sauya igiyoyi, kwalbar nan tana nan ba ta ko tsage ba. Da na tona gindin don in duba, na iske wayoyin takwas sun yi kore amma ba wadda ta tsinke.

Famfo na kawo ruwa a gidan yanzu, har da tiyo, zan iya jiƙa wurin cikin minti biyu. Amma duwatsun da Goggo ta jera suna nan inda ta ajiye su, kuma tun daga waccan Juma'ar har ta rasu ba ta sake yin alwala a wani wuri ba. Ɗazu da aka kira la'asar na ɗauki butata, na tsuguna a kan nata dutsen.